Ƙanena ya buga sanda a kan tebur, mai ɗaukar nauyinsa ya janye: an yi masa adalci?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga unguwar Zariya a nan Maradi, a kan ƙanena mai shekara 22, wanda kowa ya shaida cewa a fadodin unguwarmu babu mai riƙe sandar biliyad kamarsa, wato wasan da ake tura ƙwallaye cikin ramukan tebur da sanda. Kusan shekara guda ke nan wani Alhaji mai shagon wayoyi a kasuwa yake ɗaukar nauyinsa: ya saya masa sanda mai haɗi biyu, ya buga masa riguna da sunan shagon, yana biya masa kuɗin shiga gasa, kuma yana ba shi jika 20 duk wata. A wata gasa da aka yi kwanan baya, a wasan kusa da na ƙarshe, alƙalin wasa ya ce hannun rigarsa ya taɓa ƙwallo, shi kuwa ya rantse bai taɓa ba. Ransa ya ɓaci, ya buga sanda a bakin tebur, ya gaya wa alƙalin baƙar magana, ya kwance sandarsa ya fita. Wani ya ɗauka da waya, kafin dare hoton ya zagaye WhatsApp. Bayan kwana biyu Alhaji ya aiko cewa ya janye, kuma kuɗin watan da ya riga ya shiga ma bai bayar ba. Babu wata takarda tsakaninsu. Ni ina ganin alƙalin ne ya yi kuskure. Shin an yi wa yaron nan adalci? Me ya kamata mu yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, kuma ina girmama yadda ka tsaya wa ƙanenka, amma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: a maganar janyewa, Alhaji yana da gaskiya, ko da kuwa alƙalin wasan ya yi kuskure kamar yadda kake zato. A maganar kuɗin watan da ya shiga kuwa, ƙanenka ne mai haƙƙi, kuma zan zo kanta.

Mu fara da abin da ya faru a bakin tebur, domin dokar wasan ba ta bar shi a duhu ba. Hukumar wasan ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, tana da babi na musamman a kan halin da bai dace da ɗan wasa ba, kuma a cikinsa ta ambaci abubuwa irin su ɗauke hankalin abokin karawa, da ci gaba da bugu bayan alƙali ya kira laifi, da jan lokaci da gangan, da yin amfani da kayan wasa ta hanyar da ba ta dace ba. Buga sanda a bakin tebur yana shiga wannan na ƙarshe kai tsaye. Hukuncin da aka ba alƙali ikon yankewa yana farawa daga gargaɗi, ya hau zuwa asarar zubi, wato zagaye ɗaya daga jera ƙwallaye har a gama shi, ko asarar wasan gaba ɗaya, ya kai har korar mutum daga gasa tare da ƙwace kyautar da ya riga ya ci. Akwai kuma wata doka da matasanmu da yawa ba su sani ba, wadda ta ce idan ɗan wasa ya kwance sandarsa mai haɗi alhali abokin karawarsa yana kan tebur a zubin da zai yanke wasa, ana ɗaukar haka a matsayin ya sallama. Saboda haka, lokacin da ƙanenka ya murɗe sandarsa ya kama hanyar ƙofa, shi da kansa ya miƙa wasan, kuma ya toshe hanya ɗaya tilo da take buɗe gare shi, wato ya tsaya a natse ya nemi a kira babban mai kula da gasa ya duba hukuncin kafin a sake buga wata ƙwallo.

Na daɗe ina alƙalanci a ƙananan gasa, kuma na san alƙali yana kuskure, musamman a irin ɗakunanmu da fitila ɗaya ke rataye a kan tebur, mutane sun yi da'ira har numfashinsu yana taɓa ƙeyarka. Na taɓa kiran laifi a kan wani yaro, ina da tabbacin na ga farar ƙwallo ta motsa kafin ya buga. Yaron ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Malam, ban taɓa ba, amma hukuncinka ne,” ya koma kujerarsa ya ɗora sanda a cinya, yana goga alli a bakinta da hannun da nake gani yana rawa. Ya sha kashi a wasan. Daga baya wani ya nuna mini hoton waya, na ga cewa inuwar hannunsa ce ta ruɗe ni, na neme shi na ba shi haƙuri a gaban jama'a. Abin da ya sa na kawo maka wannan shi ne, a cikin waɗanda suka kalli wasan nan har da 'yan kasuwa, kuma daga ranar sunan yaron ya fita daga sahun masu iya bugu kawai ya shiga sahun waɗanda ake iya aika wa gasar Yamai ko Damagaram ba tare da fargaba ba.

A nan ne nake ganin kai da ƙanenka kuka yi wa yarjejeniyar mummunar fahimta. Kuna ɗauka cewa Alhaji yana biyan jika 20 ne domin ƙwallayen da yaron ke jefawa rami, alhali shi mai shago bai ci ribar ko dala ɗaya daga faɗawar baƙar ƙwallo ba. Abin da ya saya shi ne wuri a ƙirjin yaron, inda za a rubuta sunan shagonsa, domin duk wanda ya ga rigar ya haɗa sunan da wani abu mai daɗi. Kai ɗan Maradi ne, ka fi ni sanin yadda kasuwancin garin nan yake tafiya: Alhazai suna ba da kaya na miliyoyi bashi a kan kalma, daga nan har Katsina da Kano, kuma jarin mutum na farko shi ne a ce ba a taɓa jin kansa da kowa ba. To, hoton da ya zagaye WhatsApp, duk wanda ya buɗe shi yana jin zagi da kunne, idonsa kuma yana karanta sunan shagon a kan rigar mai zagin. Wataƙila alƙalin ma dattijo ne, sa'an mahaifinku, kuma wataƙila ɗan'uwan wani abokin cinikin Alhaji ne. Idan ka sa kanka a matsayinsa, za ka ga cewa kwana biyun da ya yi kafin ya aiko ma haƙuri ne.

Kada ka ɗauka wannan tsananin mutanenmu ne kaɗai. Earl Strickland na Amurka yana cikin mafiya gwaninta da aka taɓa gani a wannan wasa, ya ci kofin duniya na nau'in biliyad da ake bugawa da ƙwallo tara har sau uku, a 1990 da 1991 da 2002, ya kuma ci gasar US Open sau biyar. Amma zuciyarsa ta yi suna kamar sandarsa. A gasar duniya ta 2003 a birnin Kadif na Birtaniya, yana karawa da Steve Davis na Ingila, ya yi cacar baki da 'yan kallo da kuma alƙaliyar wasa Michaela Tabb, har sai da ya kawo mata furanni daga baya domin neman afuwa. A gasar Mosconi ta 2006 a birnin Rotadam na ƙasar Holan, wadda ake yi tsakanin Amurka da Turai, ya buga sandarsa a ƙasa ta karye a gaban kyamarori. Ba a daɗe ba kamfanin Cuetec mai ƙera sanduna, wanda ya yi shekaru masu yawa yana ɗaukar nauyinsa, ya rabu da shi. Ka lura da nauyin abin: kamfanin da sana'arsa sayar da sanda ce, ga mutumin da yake biya domin ya tallata sandar yana farfasa ta a talabijin. Idan kofin duniya uku bai hana a rabu da Strickland ba, zama gwanin unguwa ba zai hana a rabu da ƙanenka ba. A ɗaya gefen kuma akwai Efren Reyes na Filifin, zakaran duniya na 1999, wanda masu kallo suka fi tunawa da murmushinsa da sosa kai idan ya ɓarar da bugu, kuma har ya tsufa ana gayyatarsa ƙasashe ana biyansa domin kawai a gan shi a bakin tebur.

Akwai wani abu da ya kamata masu koyar da yaranmu su riƙa faɗa musu tun farko. Mu mun tashi ne da filin kokowa, inda ganga da kirari da ihu suke cikin wasan, inda ɗan kokowa zai zagaye fili yana cika baki kuma a yaba masa. Biliyad al'adarsa dabam ce, domin bugu ɗaya yana iya lalacewa da tari ko motsin kujera, shi ya sa aka wajabta wa wanda ba ya kan tebur ya zauna a kujerarsa ya yi shiru har sai an ba shi wuri. Rabin wasan a zaune ake yinsa, kana kallon wani yana kwashe ƙwallayen da kai ka buɗe masa, ba ka da ikon yin komai. Wanda bai koyi wannan zaman ba bai gama koyon wasan ba, komai kyan hannunsa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi muhimmanci ka riƙe, kuma shi ne zai kwantar maka da hankali. Laifin ƙanenka na zuciya ne, kuma laifin zuciya ana dawowa daga gare shi. Wanda ba a cika dawowa daga gare shi ba shi ne sayar da wasa. A sunuka, ɗan'uwan wannan wasa, an dakatar da Stephen Lee na Ingila shekara 12 a 2013 saboda haɗa baki a sakamakon wasanni, sannan a 2023 an hukunta 'yan wasan Sin goma, biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, aka haramta musu wasan har abada. John Higgins ma, wanda aka wanke daga zargin sayar da wasa a 2010, sai da aka dakatar da shi wata shida aka ci shi tarar fam 75,000, kuma cikin laifinsa har da rashin kai rahoton waɗanda suka tunkare shi. Ina ambaton wannan ne saboda na san abin da ke biyo bayan janyewar mai ɗaukar nauyi a garuruwanmu: yaro ya saba da kuɗin wata, kuɗin ya yanke, sai masu caca da ke tsaye a bayan tebur su matso su ce ya ɓarar da zubi ɗaya a raba. Ina roƙonka ka sa masa ido a watannin nan fiye da kowane lokaci, domin idan aka taɓa jin sunansa a wannan harka, babu ɗan kasuwar da zai sake sa masa riga.

Game da abin yi, ina ba da shawara ku bi shi daki-daki, kuma kada ku fara da Alhaji. Ku fara da alƙalin wasan. Ƙanenka ya je da ƙafarsa, kai ka raka shi, ya ba shi haƙuri ba tare da ya sake tayar da maganar ko rigar ta taɓa ƙwallo ko ba ta taɓa ba, domin haƙurin da aka haɗa da “amma” ba ya shiga. Tun da zagin a bainar jama'a aka yi shi, ya dace neman afuwar ma ya kai kunnen waɗanda suka ga hoton. Daga nan ku je wurin mai tebur, ku duba ko bugun ya fasa katako ko ya yaga ƙyalle, ku biya gyara tun kafin ya tambaya. Idan masu gasar sun yanke masa dakatarwa, ya karɓa ya cika ta, ya kuma riƙa zuwa yana taya su jera ƙwallaye da rubuta maki. Sai bayan duk wannan ku nemi wani babba da Alhaji ke jin nauyinsa ya kai ku, ku mayar masa da rigunan a wanke a ninke, ku yi godiya a kan shekarar da ya yi yana hidima, kuma kada ku roƙe shi ya dawo a wannan zama. Zhao Xintong, ɗaya daga cikin goman nan na Sin, ya amsa laifinsa, ya cika dakatarwar wata 20, ya koma ya faro daga ƙananan gasa, sannan ya ci kofin duniya na sunuka a 2025, kuma abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne bai tsaya jayayya da hukuncin ba.

Kuɗin watan da ya riga ya shiga haƙƙin ƙanenka ne, tun da ya sa rigar kuma ya buga wasanni da ita a cikin watan, sandar kuma idan kyauta aka ba shi ta zama tasa. Amma wannan magana babban da ya kai ku ne zai faɗe ta, a keɓe, ba ku ba, kuma idan Alhaji ya ƙi, ni a ganina jika 20 ba ta kai a ɓata hanyar dawowa dominta ba. Nan gaba kuwa, ko da wa za a yi, a rubuta. Shafi ɗaya ya isa, a sa nawa za a bayar da ranar bayarwa, da gasar da za a je, da wanda ya mallaki sanda, da irin halin da zai sa a yi gargaɗi da wanda zai sa a rabu nan take, da abin da za a yi da kuɗin da ya rage idan an rabu, sannan shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.