Zan Je Legas, Me Zan Kiyaye?

Tambaya: Malam, zan je Legas yawon buɗe ido bayan girbi. Me zan kiyaye? Daga mai karatu a karkarar Ringim.

Amsa: Ɗan'uwa, inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa, kada ka ratsa titi, kama mutum ake yi. An haramta acaɓa a Ikeja, Surulere da Apapa tun Yunin 2022, kuma laifin har da fasinja.

Babban abin tsoro shi ne motar "wan cans". Za ta tsaya maka a bakin hanya da fasinjojin bogi, kana shiga su rufe ƙofa, su ƙwace waya da katin ATM. A tasha za ka hau mota, ko ka bi BRT, wato manyan motocin bas masu bin layinsu na musamman. Kuɗinka ka raba biyu, rabi a aljihun ciki. Lambar gaggawa 112 ce ko 767.