Yara biyu, uwa ɗaya: yaya ake tsara darussan yini a gida?

Tambaya: Ina zaune a Mabera, cikin Sakkwato. Ina koyar da 'ya'yana biyu karatun boko a gida, mace 'yar shekara 9 da ƙanenta ɗan shekara 6. Na kwafo jadawalin makaranta mai darussa 8, amma kafin azahar duk mun gaji, ƙaramin sai kuka. Me zan gyara?

Amsa: Hajiya, jadawalin ne ya fi ƙarfinku. An tsara shi ne domin aji mai cike da yara, inda kiran suna da rabon littafi da tsawatarwa ke cinye lokaci mai yawa. Ke da yara biyu, awa 2 da rabi zuwa 3 sun isa, a tashi kafin rana ta take. A Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ki fara 7:30 bayan an dawo daga makarantar allo an karya kumallo. Da hunturu a jinkirta zuwa 8:30, domin yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa riƙe fensir da kyau.

Karatu da lissafi su ne na kullum, kuma su ake fara yi. Kada ki haɗa yaran a darasi guda. Ki zauna da ƙaramin minti 15, babbar tana kwafar sakin layi ko amsa tambayoyi 5 da kika rubuta mata tun dare. Sai ki juya kanta minti 25 zuwa 30, shi kuma ya zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Idan ba ki tanadi aikin wanda ke jira ba, shi ne zai wargaza darasin ɗan'uwansa.

Ƙaramin ya fara da Hausa, gaɓa-gaɓa: ba, be, bi, bo, bu, daga nan kalmomi irin su baba, tuwo, rago. Rubutun Hausa yana tafiya da furuci, don haka yaro kan gane dabarar haɗa baƙi da wasali da wuri, Turanci ya zo ya tarar da ita. Ki ware ɓ, ɗ da ƙ, kowanne da ranarsa. Yaron da ya saba da allo yakan fara layi daga dama, ko ya juya b ta koma d. Abin bai kai na duka ba. Ki ɗiga masa jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, ki ce daga nan boko ke tashi.

A lissafi ne za ki fi daɗewa. Ki yanka kara tsawon yatsa, ki ɗaure goma-goma da zare, ki bar wasu a warwatse. Ki ba babbar 42 a cire 17. Idan ta rubuta 35, ta cire 2 daga 7 ne maimakon ta yi aro, wato ba ta gane cewa 4 ɗin nan ɗauri huɗu ne ba. Ta ajiye ɗauri 4 da kara 2, ki ce ta miƙo miki 7. Za ta tsaya tana kallonki. Ki yi shiru har ta kwance ɗauri ɗaya da kanta, ta ga 12 a gabanta. Idan ta yi haka kwana uku, sai a koma takarda.

Wajen 9:30 a huta minti 20, a sha kunu ko fura, ban da waya, domin da wuya a raba yaro da ita cikin lalama.

Sauran darussa ɗaya a rana, a nan ne za su zauna tare. Ranar kimiyya a kafa sanda a tsakar gida, a auna inuwarta da ƙarfe 9, da 11, da 12:30, babbar ta rubuta tsawon da santimita. A Sakkwato inuwa ta fi gajarta wajen 12:30 zuwa 1, lokacin zawali ke nan, kin ga darasin ya taɓo lokutan salla. Wata rana a zuba ruwa a randa da bokitin roba, a taɓa bayan awa 2: randa na tsattsafo da ruwa, iska na busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Ranar tarihi ga Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari. Babbar ta riƙe 1804 da aka fara jihadi, da 1817 da Shehu ya rasu, ta lissafa shekarun da ke tsakani.

Ranar Alhamis bita kawai. Ki buɗe littafi guda kina rubuta kwanan wata da abin da kowa ya iya. Kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun yaro na tsawon shekara 9, saboda haka ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, ki samu shugaban wata firamare da zai riƙa gwada su duk zango. Rajistar jarrabawar shiga sakandare ta NECO ma za ta fi sauƙi ta hannun makaranta, kada ki bari sai babbar ta kai matakin aji 6.