Zan iya haɗa ɗakin yin hologram a gida ba tare da teburin nan mai tsada ba?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Garwa ina karatun fizik, na jima ina kallon bidiyon masu yin hologram a gida, irin hoton nan da in ka karkata shi kake ganin gefen abin kamar yana cikin gilashin. Ina so in gwada amma duk inda na duba sai in ga wani ƙaton tebur na ƙarfe mai huda-huda wanda kuɗinsa ya fi ƙarfina. Shin dole sai da shi? Kuma lezar da ake sayarwa a kasuwa za ta yi? Gidanmu kusa da babban titi yake kuma akwai injin niƙa a layinmu. Na gode.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, naji daɗin tambayar nan sosai. A taƙaice ba dole bane sai da wannan teburin, amma aikin da teburin yake yi dole ne ka samu hanyar yinsa, kuma da ka ambaci titi da injin niƙa ai ka riga ka taɓa inda matsalar take.

Da farko ka ajiye maganar dalar roba da ake ɗorawa a kan waya ana cewa hologram, wannan dabarar madubi ce tsohuwa da John Pepper ya shahara da ita a Landan tun 1862. Hologram na gaskiya Dennis Gabor ne ya gano shi a 1947 a Ingila, har ya samu kyautar Nobel a 1971, sai dai bai yi kyau ba sai da leza ta fito a 1960. Yadda yake, hasken leza ɗaya ne yake isowa kan faranti, wato gilashin da aka shafa wa sinadari mai jin haske, ta hanya biyu, wani kai tsaye, wani kuma ya bugi abin da kake ɗauka ya dawo. Kamar ka jefa duwatsu biyu a tafki, inda igiyoyin suka haɗu wani wurin su ƙarfafa juna wani wurin su kashe juna. Wannan zanen na haske da duhu shi farantin yake riƙewa, ba hoton abin ba.

To yanzu duba lissafin da kanka. Jar leza tsawon igiyarta wajen nanomita 650 ne (nanomita kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ne), wato a cikin milimita ɗaya akwai igiya sama da 1500. In abin da kake ɗauka ya gusa da rubu'in igiya ɗaya kawai, kusan nanomita 160, to haske ya faɗa inda duhu yake, duhu ya faɗa inda haske yake, zanen ya shafe, zaka wanke faranti ka ga gilashi fanko ba komai. A hoton waya in hannu ya motsa hoton dishi-dishi yake fitowa, a nan kuwa babu hoton gaba ɗaya. Shi yasa masu yin abin suke neman kada motsi ya kai kashi ɗaya cikin goma na igiyar a duk tsawon lokacin ɗauka. Tirelar da ta taso daga Ngaundere ta nufi Kusiri tana wucewa a titinku, injin niƙa, matar maƙwabci tana daka a turmi, kai har maganarka da numfashinka, duk sun isa su ɓata maka aiki.

Shawarata kada ka fara da tsarin da ake raba haske gida biyu da madubai. Ka fara da tsarin Yuri Denisyuk, masanin Tarayyar Sobiyet da ya fito da shi a 1962. Haske ɗaya ne tak, ya ratsa farantin, ya bugi abin da ke bayansa ya dawo cikin farantin. Daɗin wannan tsarin shine zaka iya kwantar da farantin a kan abin kai tsaye, misali ka jera kwabban sefa guda uku masu kauri ɗaya ka ɗora farantin a kai, to in ƙasa ta girgiza tare suke girgiza, kuma motsin da ke tsakaninsu shi ne mai lahani ba motsin ɗakin ba. Sannan idan ya fito baka buƙatar leza wajen kallonsa, rana ko tocila mai ƙwai ɗaya ta wadatar.

Maganar tebur kuma, wancan na ƙarfen da ka gani abu uku yake yi, yana da nauyi, baya lanƙwasa, kuma yana zaune a kan ƙafafu masu iska. Abu mai nauyi in ya zauna a kan abu mai laushi a hankali yake lilo, saboda haka girgizar ƙasa mai sauri bata iya hawa kansa. Tun farkon shekarun 1970 Lloyd Cross da Jerry Pethick suka nuna a San Francisco cewa akwatin yashi a kan tiyub ɗin taya yana yin wannan aikin, kuma da shi suka koyar da mutane. Mu kuwa yashi ba abin nema bane, ga bakin Binuwai nan. Ka samu kafinta ya haɗa maka akwati da katako mai kauri, mita ɗaya a mita ɗaya, zurfin santimita 20, in ka cika shi zai haura kilo 300 don haka ka zaɓi wurin da zai zauna tun kafin ka zuba yashin domin ba zai sake matsawa ba. Yashin ka wanke shi, ka tankaɗe, ka shanya ya bushe ƙarau, in da danshi a ciki zai yi ta zama a hankali har kwanaki yana jan madubanka ba ka sani ba. Jerin daga ƙasa: daɓen siminti, bulo, guntun kafet, faffaɗan katako, tiyub na ƙaramar mota guda uku ko huɗu, sannan akwatin. Tiyub ɗin kada a cika shi tam, wannan shine kuskuren da aka fi yi, ka bar shi da laushi yadda in ka tura akwatin da yatsa zai yi lilo a hankali ya tsaya. Madubai da leza kuma ka manna su a kan guntayen bututun roba na famfo ka soka cikin yashin, kana iya juya su duk yadda kake so.

Ɗakin ya zama a ƙasa, ba a bene ba, kuma akwatin kada ya taɓa bango. Sai abin da masu rubutu daga Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu shi zai fi wahalar da mu, wato zafi. Rufin kwano da rana yana dumama iskar ɗaki ta yi ta yawo, iska mai zafi da mai sanyi kuwa ba ɗaya suke lanƙwasa haske ba, zanen sai ya dinga tafiya ko da teburin yana tsaye cak. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki a kashe, a kifa babban kwali a kan kayan. Ni a ganina lokacin da ya fi shine tsakar dare zuwa kafin asuba, an rufe injin niƙa, motoci sun ragu, kwanon ya huce. Watan Maris da Afrilu da zafin Garwa yake haura digiri 40 ka bar su don gyaran kaya kawai. Lokacin sanyi ya fi, sai dai ƙurar hunturu tana sauka kan gilasai, kowace ƙwayar ƙura zobe take zanawa a cikin hasken, don haka ka toshe tagogi ka rufe komai da leda in ba ka aiki.

Kafin ka kashe ko sisi wajen sayen faranti ka gwada teburin, kuma wannan gwajin kai ɗalibin fizik ka san shi, na'urar Michelson. Leza, ɗan gilashin da zai raba hasken biyu, madubai biyu a nisa ɗaya, sai hasken ya dawo ya haɗu ka faɗaɗa shi a kan farar takarda. Madubin ɗaki ba zai yi ba tunda azurfar tana bayan gilashi yana bada inuwa biyu, ka je wajen masu gyaran fotokopi da sikana, a cikin matattun injinansu akwai madubai masu shafin a fuskar gilashi. Idan layukan haske da duhu suka fito ka zauna ka zuba musu ido. In suna rawa da sauri, girgiza ce, rage iskar tiyub ko ƙara nauyi. In suna tafiya gefe ɗaya a hankali, zafi ne ko yashi bai gama zama ba. Ka taka ƙasa ka ga daƙiƙa nawa suke ɗauka kafin su natsu, ka kalle su lokacin da injin layinku yake aiki da lokacin da ya tsaya. Ranar da suka tsaya maka minti ɗaya ko fiye ba motsi, teburinka ya yi.

Leza ta kasuwa, mai maɓallin da ake dannawa da yatsa, ba na ba da shawararta. Musamman korayen nan, da yawa ƙarfinsu ya wuce abin da aka rubuta a jiki kuma wasu suna fitar da hasken da ido baya gani amma yana ƙona shi, dan Allah ka kiyaye, ido in ya ƙone a ciki baya warkewa. Ka nemi ƙaramar jar leza ta diyod mai miliwat 5 ko ƙasa da haka wadda ake iya kwance gilashin bakinta, in ka cire shi hasken da kansa zai baje ya rufe farantin ba sai ka sayi komai ba. Ka bata wuta da manyan batura, kada ka dogara da kuran, wato wutar lantarki, da zai iya ɗaukewa ko ya yi sama da ƙasa. Ka kunna ta ka barta ta ɗumama kamar minti goma sha biyar kafin ɗauka, kuma kada ka kashe ka kunna, baƙin kwali zaka sa ya tare hasken, in lokaci ya yi ka ɗaga shi kaɗan ka jira girgizar hannunka ta mutu sannan ka janye. Idan hologram ya fito da ratsi-ratsi baƙaƙe to lezar ce take sauya tsawon igiyarta saboda zafi. In kuma kana da hanya a labon jami'a ka tambaya ko suna da ta heliyom da niyon mai nanomita 632.8, ta fi natsuwa nesa ba kusa ba. Cire agogo da zobe don kada su mayar da hasken cikin idonka, kada ka sunkuya idonka ya zo daidai da hasken.

Abin da zai fi baka wuya gaskiya farantin ne, sai an yi oda daga waje. Fim ɗin hoto na da ba zai yi ba, layi ɗari ko ɗari biyu yake iya riƙewa a milimita, kai kuma dubbai kake buƙata. Akwai PFG-03M na kamfanin Slavich na Rasha da ake wankewa da haɗin sinadarai na JD-4, akwai kuma na roba irin na Litiholo da basa buƙatar wanki ko kaɗan, hoton a kan teburin yake fitowa. Ga mai farawa a ƙasarmu na robar nan ya fi sauƙi duk da yana son a daɗe ana haska shi. Kowanne ka samu ka ajiye a firiji cikin leda a ɗaure, ka fito da shi da sa'o'i kafin ka buɗe don kada raɓa ta kwanta a kai. In na wanki ne, jelatin ɗin PFG-03M, wato shafin da ke fuskar gilashin mai riƙe zanen, laushi gare shi, ruwan famfo mai ɗumi zai iya kwaɓe shi daga gilashin, ka sanyaya ruwan ya dawo wajen digiri 20, kuma tataccen ruwa zaka nema a farmasi, ka yi hattara da na masu batir kada a baka mai asid. Safar hannu dole, wasu sinadaran guba ne, kada ka yi amfani da kwanon abinci kuma kada ka zubar inda yara ko dabbobi suke. Hasken da zaka yi aiki da shi a ɗakin kore ne mai rauni sosai in PFG-03M ne, tunda farantin ja yake gani.

Abin ɗauka ya zama mai tauri mai haske, kwabo, makulli, ƙaramin dutse fari. Tsumma, ganye, gashin tsuntsu ko ɗanyen goro duk motsi suke ko bushewa suke a idon leza, baƙin rami zaka gani a wurinsu. Gefen faranti mai jelatin shi zai kalli abin, in ka taɓa kusurwa da jiƙaƙƙen yatsa zaka ji yana danƙo. Lezar ta kasance kamar santimita 40 daga farantin, a karkace. Ka ɗora, ka ja da baya ka zauna shiru minti biyar zuwa goma komai ya natsu sannan ka buɗe hasken. Tsawon ɗauka ya danganta da lezarka da farantin, ka bi takardar da ta zo da shi ka gwada lokuta daban-daban kana rubutawa. Bayan wanki kada ka yanke hukunci sai ya bushe sarai, a jiƙe babu abin da zai nuna. Kuma kada ka yi mamaki in ka ɗauka da ja ya fito ruwan lemo ko kore, jelatin ne ya tsuke, a busasshiyar iskar hunturu ma ya fi tsukewa. Sai ka samu irin wannan guda biyar ko shida masu kyau a jere sannan ka koma tsarin Leith da Upatnieks na jami'ar Michigan mai raba haske biyu, a can kowane madubi da ka ƙara wata ƙofar motsi ce, kuma dole ka auna hanyoyin hasken biyu da zare su zo tsawo ɗaya.