Yashi yana binne ni a Ember Twin kafin in kai birnin 'yan Nomai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara buga wasan Outer Wilds, amma na maƙale a duniyar nan ta hamada, Ember Twin. Duk sanda na shiga kogo neman tsohon birnin 'yan Nomai, ko dai yashi ya matse ni da rufin kogo, ko iskata ta ƙare. Akwai wani kayan aiki da ya kamata in samo tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wani kaya da ya rage maka. Wannan wasan bidiyo na binciken sararin samaniya da kamfanin Mobius Digital ya yi, ya fito a 2019, ba ya ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ko makami. Abin da ka tarar a jirginka ranar farko shi ne duka. Makara kake yi, shi ke nan.

Ember Twin tagwaye suke da Ash Twin, suna zagaya juna dab da rana. Kowane zagaye na wasan minti 22 ne, daga farkawarka zuwa fashewar rana, sannan ka sake farkawa komai ya koma farko. Wajen minti 2 da farawa, yashi zai soma zuba daga Ash Twin zuwa Ember Twin, kamar mai awo yana juye gero daga wannan kwano zuwa wancan, kuma ba ya tsayawa sai gab da ƙarshe. Kogunan Ember Twin suna cika daga ƙasa zuwa sama, su kuwa gine-ginen Ash Twin suna fitowa fili daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka Ember Twin wurin sammako ce, kuma abin da ya fi zurfi shi ake fara nema.

Da ka farka, ka nufi jirgi, ka sa rigar sama jannati, ka tashi. Idan rana tana tsakaninka da tagwayen, kada ka saki tuƙi ga na'ura, domin ba ta kauce wa rana, ciki za ta zuba ka. Ka fara kewayewa da hannu sai hanya ta buɗe.

A zuwan farko, ka kama ƙarar neman agaji da na'urar sauraro, za ta kai ka ƙaramin kumbon tsira na biyu na 'yan Nomai, wato tsoffin halittun da suka gina birnin, wanda ya faɗo a can. Ka ratsa ta cikinsa zuwa kogon da ke ƙasa, ka bi rubutun da 'yan Nomai suka bari a bango, shi ne kwatancen hanyar Sunless City, wato birnin da kake nema. A nan mutane da yawa suke ɓata lokaci, alhali cikin saituna akwai zaɓin tsayar da agogo yayin karatu. Ka kunna shi. Rubutun nan shi ne ainihin daɗin wasan, bai kamata a karanta shi a guje ba.

Birnin unguwa huɗu ne, kuma akwai makunnan fitila huɗu a wuri guda, kusa da itatuwa. Ka tsaya a gindin itatuwan tankin iskarka ya cika. Cikakken tanki bai wuce kamar minti 6 ba. Ka kunna fitilun, sannan ka zaɓi wuri ɗaya tak na wannan zagayen. Hanyar High Energy Lab, ɗakin gwaje-gwajen 'yan Nomai, tana can ƙasan birnin, ita ce ke fara toshewa, don haka ita ce ta farko. Ka bi wayar lantarkin da ke shimfiɗe a hanya. Za ka iske wurin da itatuwan ƙaya suka tare gaba ga yashi yana zubowa daga sama. Kada ka yi ƙoƙarin tsallakewa da injin tashi na bayanka: yashin da ke zubowa danne mutum yake, sai ya jefa ka kan ƙaya, riga ta huje, iska ta soma zurarewa. Ka ɗan jira yashi ya taso ya rufe ƙayar, ka taka ka wuce da ƙafa, amma da zarar ta rufu ka motsa, don rufin wurin ba shi da tsawo.

A zagaye na gaba ka yi kogon Stepping Stone, wanda ke kai wa ga ƙashin wani ƙaton kifi. Kafin ka sauka, ka harba na'urar leƙe cikin bakin kifin daga tagar da ake hango shi, haskenta ne zai nuna maka mahawa. Unguwar Eye Shrine, inda wurin ibadar 'yan Nomai yake, tana sama, ana iya barinta zuwa ƙarshe, sai dai akwai gubar da ake kira ghost matter. Ido ba ya ganinta, amma tana fitowa a hoton na'urar leƙe, kuma ƙananan duwatsu masu ƙyalli a ƙasa alamarta ce. In ka gan su, ka ɗauki hoto kafin ka ƙara taku.

Ka kula da man injin bayanka. Idan ya ƙare, iskar numfashinka zai koma sha, kuma wannan kan sa iska ta ƙare wa mutum ba gaira ba dalili. Inda ƙafa za ta kai ka, ka tafi da ƙafa.

Akwai ƙofa a saman birnin da ke fita wajen Gravity Cannon, na'urar 'yan Nomai ta harba kumbo. Ka fita ta nan sau ɗaya, kana duba guba, ka gane wurin da kyau. Daga ranar ba ka sake bin doguwar hanyar kumbon tsira.

In ka ga ka riga ka makara, kada ka shiga kogo ko kaɗan. Ka haye Ash Twin ka duba hasumiyoyin da suka fito. Ka dai ajiye jirgi nesa da tsakiyar duniyar, wajen ɗaya daga kawunanta biyu, domin ginshiƙin yashin da ke bi ta kan hasumiyoyin yana ɗauke jirgi ya yar a Ember Twin, kai ma haka in ba ka fake ƙarƙashin rufi ba.