Gasar kulob-kulob ta mata a Munster

Malam ka tambaya wa ya fi cin kofin ƙwallon Gaelic (wasan ƙwallon gargajiya na Ireland) na mata a yankin Munster, kudancin Ireland. To gaskiya dai kulob ɗin Ballymacarbry ne, ɗan ƙauye a gundumar Waterford, amma kai, sun addabi kowa, kofin ƙasa gaba ɗaya ma sau 10 suka ɗauka, daga 1989 zuwa 1995 babu wanda ya karɓe musu. Hukumar wasan matan kanta sai 1974 aka kafa ta a garin Thurles. Daga baya ƙungiyar Mourneabbey ta gundumar Cork ta karɓi ragama, ta ci na ƙasa 2018 da 2019. Wasan kuma da hannu da ƙafa ake yi, saman raga maki 1, cikin raga 3.