Me ya sa labarin kwalara yake bambanta daga tasha zuwa tasha?

Tambaya: Malam, a Gadarif da ke ƙasar Sudan nake zaune. Rediyon gwamnati kan ce an shawo kan kwalara, tashoshin waje kuma su ce annoba ta game ƙasa. Wa ke faɗin gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, sau da yawa babu wanda ya shara ƙarya a cikinsu, kowa dai ya zaɓi inda zai haska fitilarsa. Edita ne ke yanke abin da zai hau kanun labarai, da muryar wanda za a ji, da wanda za a ɗora wa laifi.

Ka tuna 2016, da cutar ta ɓulla a jihar Nilul Azrak. Gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙi cewa kwalara ce, ta kafe a kan gudawa mai tsanani. Jaridun Khartum da dama suka bi sahu, don a lokacin jami'an tsaro kan ƙwace bugun jarida tun daga maɗaba'a. Wanda ya ji gudawa kawai zai ɗauka ɓacin cikin damina ne, ya jiƙa magani a gida ya jira, alhali kwalara kan kashe cikin sa'o'i. Sama da mutum 800 suka rasu kafin ta lafa a 2018. Sai a 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta kira ta da sunanta.

Na waje ma suna da nasu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kwalara ta zama jelar labarin yaƙi: tanti, uwa riƙe da yaro ana masa ƙarin ruwa, sai babban adadi. Nan za ka tsaya. Jimillar watanni ce ko ta wannan mako? Waɗanda ake zargin sun kamu ne, ko waɗanda gwaji ya tabbatar?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne rahoton da ke jingina cutar ga 'yan gudun hijira. Ruwa ne matsalar. A Mayun 2025 ta yi ƙamari a Umdurman, birnin da ke maƙwabtaka da Khartum, bayan hare-haren jirage marasa matuƙa sun lalata tashoshin lantarki, famfo ya ƙafe, jama'a suka koma ɗiban ruwa a kogi.

Ni rahoton da nake ba kunne shi ne mai faɗin unguwar da abin ya shafa, inda cibiyar jinya take, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Idan aka kula da majinyata da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai 1 cikin 100.