Amsa ga 'yar'uwar da 'yarta mai ciwon suga take gudun makaranta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah Ya ba yarinyarki lafiya, ke kuma Ya ƙara miki juriya. Kin ce 'yarki mai shekara 14 tana aji uku na ƙaramar sakandare, bara aka gano tana da ciwon suga irin wanda sai da allurar insulin, kuma tun da aka dawo daga hutu kullum da safe sai ciwon ciki da kuka, ta ce ba za ta je makaranta ba, alhali Asabar da Lahadi lafiya lau take wuni. Babanta ya ce lalaci ne, kakarta ta ce a cire ta ta zauna a gida, ke kuma kin rasa na kamawa.

Ni ba likita ba ce. Uwa ce da ta raini yarinya mai irin wannan ciwon a nan cikin Kano, tun tana firamare har ta gama sakandare, kuma na zauna a layin asibiti da iyaye mata da yawa muna sauraren juna. Abin da zan faɗa miki da farko shi ne wannan ba lalaci ba ne. Tsoro ne, kuma tsoron yana da wurinsa da lokacinsa a cikin makarantar. Akwai wani abu takamaimai da yake faruwa da ita tsakanin bakin get da lokacin tashi, ko ya taɓa faruwa take fargabar ya sake. Aikinki shi ne ki gano shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yarinya mai wannan shekarun ba za ta faɗa ba in an tsare ta da ido ana cewa "me yake damunki?" Ki bari sai kina yi mata kitso, ko kuna tsintar wake, lokacin da ba kwa kallon juna. Ki bi ranar da ita daki-daki: in kin shiga get me ake fara yi, wa yake tsayawa a asambili, wace malama ce take shigowa kafin tara, ina kike zuwa in za ki gwada jininki.

Tawa da na bi ta haka, abu biyu suka fito. Na farko fitsari. In suga ya hau, jiki yana fitar da shi ta fitsari, ga ƙishirwa mai tsanani, don haka sai ta riƙa neman izinin zagayawa. Wata rana wani malami ya ce mata a gaban aji, "Ke kullum fitsari, ko famfo kika haɗiye?" Aji ya kwashe da dariya. Daga ranar ta daina shan ruwa da safe, ta daina ɗaga hannu, sai ta matse har a tashi. Na biyun ya fi muni. An tsayar da su a rana a asambili ya yi tsawo, sugarta ya faɗi, ta fara rawar jiki da gumi, ta yanke jiki ta faɗi. Kin san makarantun 'yan mata a garin nan: kafin ka ce kwabo an ce aljanu ne, wasu sun watse da gudu, wata ta durƙusa tana yi mata karatu a kunne, babu wanda ya tuna da suga. Da ta farfaɗo sai ta tarar an laƙaba mata suna, mai iskoki.

Abin da ta yi bayan haka shi ne dalilin da ya sa na zauna nake rubuta miki doguwar amsa. Ta fara rage allurar safe a ɓoye. A tunaninta gara sugar ya zauna a sama da ta sake faɗuwa a gaban mutane. Likitoci sun san wannan hali a wajen matasa sosai, kuma yana da haɗari, domin in insulin ya yi ƙaranci jiki yana koma wa ƙona kitse, wani guba ya taru a jini. Alamominsa su ne amai, ciwon ciki, numfashi da sauri da zurfi, kasala mai yawa da warin baki kamar na 'ya'yan itace da suka nuna. In kin ga haka asibiti za ki nufa a take, ko tsakar dare ne. Saboda haka ciwon cikin safen nan da kike magana, kada ki yanke cewa fargaba ce kawai sai kin gwada jininta a lokacin. Ki kuma lura da kwalbar insulin, tana raguwa yadda ya kamata? Ki duba abin da na'urar gwajin ta adana, domin littafin da yara suke rubutawa wani lokaci abin da zai faranta wa uwa rai suke sawa. In kin gano tana ragewa, don Allah kada ki yi mata faɗa. Yarinyar da ta zaɓi ciwo a kan kunya tana cikin wani hali. Ki koma ki riƙa zama kusa da ita lokacin allura, kamar yadda kike yi a farkon ciwon, ki kuma sanar da likitanta a riƙa duba gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sugar ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce.

Akwai wani abu da ya rikita mu da farko. Fargaba da faɗuwar suga kamanninsu ɗaya a jiki: bugun zuciya, rawar hannu, gumi, jiri. Duk biyun sinadarin adirinalin ne yake kawo su. Sai yarinya ta ji gabanta yana faɗuwa don malamin lissafi ya shigo, ta ɗauka sugarta ne ya sauka, tsoron ya ƙaru, ta jefa alewa a baki alhali sugar a sama yake. Ita fargabar kanta tana ɗaga suga, shi ya sa za ki ga lambar ranar Litinin ko ranar jarrabawa ta fi ta sauran ranaku ko da abinci bai canja ba. Na'ura ce kaɗai take raba gardama. In ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 in na'urarki mai amfani da wani ma'aunin daban ce, faɗuwa ce: ta sha abin da ya kai giram 15 na suga, kamar ƙwayar sukarin kwali uku zuwa huɗu ko kusan rabin kwalbar lemo mai suga, ta jira minti 15 ta sake gwadawa. In babu na'ura a kusa kuma tana jin alamun, ta sha sugar kawai, a gwada daga baya. In lambar lafiya take, to ta san tsoro ne, ta zauna ta ja numfashi a hankali zai wuce. Ranar da tawa ta gane tana da hanyar bambancewa da kanta, rabin tsoron ya tafi.

Ki kuma sani shekarun balaga suna sa jiki ya rage jin insulin, ga kwanakin al'ada da kan ɗaga sugar wasu 'yan matan. Lambobi za su yi ta hawa da sauka ko da ta kiyaye komai. In kullum ta dawo abin da za ta fara ji shi ne "nawa ya nuna, me kika ci?", gida ma ya zama wani ajin jarrabawa. Ki fara tambayarta ƙawayenta da abin da aka koya musu, lambar ta biyo baya.

Sai makaranta. Ki je da ƙafarki, kuma in da hali ku je da babanta, domin zuwan uba yana da nauyi a ofishin shugaban makaranta, shi ma kuma zai ji da kunnensa abin da 'yarsa take fuskanta. Ku tafi da takardar likita. Amma takardar da aka sa a durowa ba ta ceton kowa. Abin da ya yi mana aiki shi ne malama guda ɗaya mai tausayi da yarinyar ta zaɓa da kanta, wadda ta yarda a ajiye lemo da sukari a wajenta, kuma ta ba ta kusurwa a ofis inda za ta gwada jini ko ta yi allura ba a banɗaki ba. Wannan na allura ki ba shi muhimmanci. A garin da ake fama da shaye-shaye, yarinyar da aka gani da sirinji a jaka nan da nan za a yi mata mummunar fassara, kuma yaran sun san haka, shi ya sa suke ɓoyewa.

Na rubuta musu abubuwan da nake roƙo a shafi ɗaya, da Hausa, da lambar wayata da ta babanta a sama. A bar ta ta zagaya ko ta sha ruwa ba sai ta yi bayani ba, ta ɗaga hannu kawai ta fita. A bar ta ta ci abu a cikin aji in ta ji alama. Kada a hana ta fita tara da sunan horo, kada a sa ta tsallen kwaɗo ko durƙuso a rana. Batun tara ba ƙaramin abu ba ne, musamman in irin gaurayayyen insulin ɗin nan take yi safe da yamma, kamar Mixtard, domin shi ba ya jiran kowa, yana ci gaba da aiki ko ta ci ko ba ta ci ba. Ranar wasanni ko shara ta ci wani abu kafin a fara, kuma sugar yana iya faɗuwa ko bayan awanni da gamawa. In ta ji alama kada a tura ta ofis ita kaɗai, a haɗa ta da wata. In kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki don kada ta shaƙe, a kwantar da ita a gefenta, a kira mu, a nufi asibiti mafi kusa. Wanda zai yi addu'a ya yi a cikin mota.

Ƙungiyar likitocin ciwon sugar yara ta duniya, ISPAD, ta tanadi cewa kowane yaro mai wannan ciwo ya kasance yana da irin wannan rubutaccen tsari a makarantarsa, kuma a riƙa duba lafiyar tunaninsa kamar yadda ake duba jininsa. Don haka ba alfarma kike nema ba.

Batun sanar da 'yan aji kuwa, ki bar mata zaɓi. Kada malama ta miƙe a asambili ta yi shela. Ƙawa ɗaya ko biyu da suka san alamun kuma suka san inda lemon yake sun wadatar, kuma a gaya musu ƙarara cewa ba a ɗaukar ciwon, domin akwai yaran da suke ƙin cin awara a roba ɗaya da ita saboda wannan zaton.

Maganar kaka ta a cire ta, da ƙauna ta faɗe ta, amma ban goyi baya ba ko kaɗan. Duk ranar da ta zauna a gida tana samun sauƙi na wuni ɗaya, washegari kuma get ɗin ya ƙara yi mata girma. In ta daɗe ba ta je ba, ku fara da rabin wuni, ki raka ta har wajen malamar nan, ki ɗauko ta bayan tara, a riƙa ƙarawa. Makarantar kwana dai a wannan matakin ban ba ki shawara ba, sai in kin ga ma'aikaciyar jinya da firji da idonki. Ko a ta jeka-ka-dawo, zafin Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40 yana lalata insulin, kada ya wuni a jakar da aka jingine jikin taga. A gida in wuta ta ƙi, a ɗaure shi a leda a sa a gindin randa mai sanyi. Kuma duk wanda ya zo wa kaka da jiƙo ko garin magani ya ce a ajiye allura, a sallame shi da girmamawa. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a birnin Toronto na Kanada a Janairun 1922, yaran da suka kamu da irin wannan ciwon ba sa daɗewa. Wanda aka fara yi wa ma, Leonard Thompson, yaro ne kusan tsaran 'yarki.

Abin da kuka shirya da boko ku shirya shi da malaman Islamiyya, domin nan ma ana zama mai tsawo, ana horo. Azumi yana zuwa da nasa damuwar: ƙawaye suna yi, ita tana jin kunyar a ga tana ci. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma likitoci suna sa masu wannan nau'in cikin waɗanda azumi yake da haɗari gare su. Ku je wajen likita tun watan Sha'aban, in ya ce kada ta yi, a samu malamin da take girmamawa ya gaya mata da bakinsa cewa ba ta yi laifi ba. Haka jarrabawa, tun daga ta aji uku har WAEC da NECO da JAMB: a kai takardar likita da wuri don mai sa ido ya san da na'ura da lemon da za ta shiga da su, kada a tsaya jayayya a bakin ƙofa tana ji.

In kun gyara waɗannan amma bayan 'yan makonni kukan bai ragu ba, ko ta daina barci, ta daina cin abinci, ta janye daga ƙawaye, ko kika ji tana cewa ta gaji da rayuwa, ki gaya wa likitanta a fili ki ce kina son a haɗa ku da masu kula da lafiyar tunani. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maganar gajiya da rayuwa kada ki jira ranar asibiti, ki kai ta a ranar, kuma insulin ɗin ya dawo hannunki. Na san yadda mutanenmu suke kallon wannan sashe, musamman ga 'ya mace da ake tunanin aurenta, amma zama ne a yi hira da ita a koya mata yadda za ta riƙe kanta in tsoron ya taso.

Gobe da safe in ta ce cikinta yana ciwo, ki gwada jininta ki rubuta lambar da lokacin, ki yi haka har ƙarshen mako har da Asabar da Lahadi, ki kai wa likita ya gani ko allurar safen tana bukatar gyara, kada ku gyara da kanku. In kina son ganin irin shafin da na rubuta wa makaranta, ki yi mini magana in turo miki ki sauya abin da ya dace da taki. Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa.